Sardaunan Sakkwato Da Gidan Rediyo Da Telbijin Na Kaduna

Yau za mu ɗan taɓa tarihin Marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta wani gefe wanda ba a cika ambatonsa ba, watau yadda ya samar wa Arewa muryarta.

An haife shi a Rabah cikin 1910. Jinin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, wanda ya zauna Sifawa ta ƙasar Boɗinga kafin ya koma Sakkwato. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya fita cikin 1931, ya zama malami a Midil ta Sakkwato, makarantar da Alhaji Shehu Shagari shi ma ya koyar daga baya. Cikin 1934 aka naɗa shi Hakimin Rabah. Cikin 1938 aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya duba aikin En'e na gabashin Sakkwato. Cikin 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

To, a zamanin nan masu iya karanta jarida kaɗan ne, amma kowa yana da kunne. Gwamnatin Yamma ta buɗe telbijin a Badun cikin 1959, ta Gabas ta buɗe nata a Enugu cikin 1960. In da Arewa ta zauna, da sai ta riƙa jin labarinta daga bakin waɗansu. Saboda haka Gwamnatin Sardauna ta haɗa kai da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa. Gidan Rediyo da Telbijin na Kaduna ya soma aiki cikin watan Maris, 1962, watau shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Sai dai kafa gida daban, cika shi da shiri daban. A Amurka tun 1951 gidan CBS ya soma nuna wasan ban dariya mai suna I Love Lucy, har zuwa 1957. Da yake a kan fim aka ɗauke shi, aka yi ta maimaita shi, ana kuma sayar wa ƙasashen waje. Ga sabon gidan telbijin, sayen irin waɗannan ya fi shirya nasa araha ƙwarai, amma fa al'adar da ke ciki ta masu ita ce. Abin da ya fid da Kaduna shi ne harshen Hausa. Telbijin da farko bai wuce 'yan garuruwa ba, amma rediyo ya kai Boɗinga, ya kai Shagari, har ya ƙetare iyakar Nijeriya, manomi da makiyayi suka ji labarin duniya da waƙoƙin makaɗansu cikin harshensu.

Allah bai nufi Sardauna da ganin amfanin shukarsa duka ba. Ran 15 ga Janairu, 1966, waɗansu sojoji suka kashe shi a gidansa a Kaduna. Bayansa ne wasannin ban dariya na Hausa suka bunƙasa, kamar Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya sa mutanenmu suka yi dariya da abin da suka sani. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓi telbijin, aka kafa NTA cikin 1977, rediyon kuma ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya cikin 1978.

Muna jawo hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ofis ga wannan. Mutumin da ya yi aikin nan da alli ya fara, sa'an nan ya riƙe littattafan En'e. Ya kamata mu koya wa yaranmu rubuta Hausa mai kyau, domin daga cikinsu ne za a sami masu shirya abin da jama'a za su ji, su gani. Allah ya ji ƙansa, amin.