Bartolomewo Kiristofori, masassaƙin da ya ƙago piyano

An haifi Bartolomewo Kiristofori ranar 4 ga watan Mayu na shekara ta 1655 a birnin Paduwa, cikin arewacin Italiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Jamhuriyar Venis. Sana'arsa ita ce ƙera kayan kiɗa masu tsirkiya da madannai, da kuma gyaransu. Babban abin kiɗan fadodin Turai a zamanin shi ne kilabsan, wani akwatin katako mai kama da fiffike, wanda aka miƙa wayoyi masu yawa a cikinsa. Idan makaɗi ya danna madanni, sai wani ɗan tsinken gashin tsuntsu ya tashi ya fizgi waya, kamar yadda mai molo ke fizgar tsirkiya. Amonsa yana da daɗi da tsabta, amma yana da aibi guda: ko an danna a hankali ko an danna da ƙarfi, ƙarar kusan ɗaya ce. Makaɗi ba ya iya sassauta amo ko ya ɗaga shi da yatsansa.

A shekara ta 1688, lokacin Kiristofori yana da shekara 33, Yarima Fardinando na gidan Medici, ɗan Kosimo na Uku mai mulkin ƙasar Toskana, ya ɗauke shi aiki. Yariman mai son kiɗa ne ƙwarai, ya kuma tara kayan kiɗa da dama waɗanda ke bukatar mai kula da su. Aka kai Kiristofori birnin Fulorans, aka ba shi gida da albashin wata wata. Da farko an sa shi cikin babban zauren masu aikin hannu na fada, inda ma'aikata fiye da 100 ke sassaƙa da ƙira wuri guda. Hayaniyar wurin ta dame shi, domin mai daidaita amon waya aikinsa da kunne ne. Daga baya ya samu nasa ɗakin aiki da mataimaka.

Wata takardar lissafin kayan kiɗan Yarima, wadda aka rubuta a shekara ta 1700, ita ce ta fara ambatar sabon abin da ya ƙera. Ta bayyana shi a matsayin akwatin kiɗa mai bada amo a hankali da kuma da ƙarfi. A harshen Italiyanci kalmar piyano na nufin a hankali, forte kuwa da ƙarfi. Daga nan aka samu sunan piyanoforte, wanda aka gajarta ya koma piyano.

Dabarar ta maye fizga da bugu, amma yin haka ya fi faɗarsa wuya. Idan guduma ta bugi waya ta zauna kanta, amon ya mutu nan take. Saboda haka Kiristofori ya shirya wani ɗan sanda mai tura guduma sama, wanda ke zamewa gefe kafin ta kai ga waya, ta yadda za ta ƙarasa tafiyar ita kaɗai, ta buga, ta faɗo baya ko da yatsa na nan kan madanni. Ya ƙara wani matari mai cafke gudumar in ta faɗo, don kada ta yi tsalle ta sake bugu ba a so ba. Ya sa wa kowane amo abin kashe shi, wanda ke ɗagawa in an danna, ya sauka in an saki. Da yake bugu ya fi fizga ƙarfi, ya yi amfani da wayoyi masu kauri, ya kuma ƙarfafa jikin akwatin ta hanyar da nauyin jan wayoyin ba zai danne allon amo ba. Kawunan gudumomin piyanonsa na shekara ta 1726 kuwa da takarda aka yi su, an naɗe ta an manne, an ɗora ƴar fata a bisa. Waɗannan ginshiƙai, wato zamewa, da cafkewa, da kashe amo, suna nan cikin kowane piyano har yau.

A shekara ta 1711 wani marubuci, Shipiyone Maffeyi, ya buga bayanin sabon abin kiɗan tare da zanensa cikin wata mujallar Venis. Duk da haka makaɗan Italiya ba su yi rububinsa ba. Yana da tsada, ƙerarsa na cin lokaci, kuma kunnen da ya saba da kaifin kilabsan ya ji amonsa ya yi laushi da yawa. Yarima Fardinando ya rasu a shekara ta 1713, Kiristofori ya rasa majiɓincinsa. A 1716 Kosimo na Uku ya naɗa shi mai kula da dukan kayan kiɗan fada, ya kuma ci gaba da ƙira har tsufansa. Sarkin Fotugal, Juwan na Biyar, yana cikin ƴan kaɗan da suka sayi piyanonsa. Ya rasu a Fulorans ranar 27 ga watan Janairu na shekara ta 1731, yana da shekara 75.

Bai ga ko littafi ɗaya na kiɗan da aka tsara domin abin da ya ƙago ba. Na farko ya fito ne a 1732, shekara guda bayan rasuwarsa: kiɗa 12 na Lodobiko Justini, da aka buga a Fulorans. Yaɗuwar piyano ta biyo ta Jamus, inda aka fassara bayanin Maffeyi a 1725, wani maƙeri mai suna Silbarman ya shiga ƙera irinsa. Babban makaɗin nan Yohan Sebastiyan Bak ya fara kushe su, a ganinsa madannan sun yi nauyi, siraran amo kuma ba su da ƙarfi. Bayan an yi gyara ya amince, har ya kaɗa su a fadar sarkin Purusiya a 1747.

Ƙarni na 19 ya sake wa piyano jiki. Sebastiyan Erar na Faransa ya kyautata zamewar guduma a 1821, don a iya maimaita amo ɗaya da sauri. A 1825 aka fito da jikin ƙarfe na zubi a Amurka, daga baya kuma aka bar fata aka koma wa ulu matsattse a kan guduma. Piyanon yau na da madannai 88, da wayoyi fiye da 200, jansu duka ya kai wajen tan 20. An samu ƙarar da za ta cika babban zaure, amma an rasa wani abu na tsohon: sauƙin taɓawa, da amo siriri mai saurin gushewa wanda ke bari a ji kowane layi na kiɗa a rarrabe.

Wannan ne ya sa cikin ƙarni na 20 makaɗa suka waiwayi tsofaffin kaya. Masassaƙa suka auna ayyukan Kiristofori suka kwaikwaye su, ana kaɗa su ana ɗauka a faifai. Mawallafan kiɗa na zamani su ma suka shiga binciken halin kowane akwati: Ligeti ya tsara wa kilabsan sabon kiɗa a 1968, Jon Keji na Amurka kuwa ya riƙa cusa ƙusoshi da roba tsakanin wayoyin piyano, amonsa ya koma kamar na ganguna da ƙararrawa.

Piyano uku ne suka rage daga hannun Kiristofori. Na shekara ta 1720 yana gidan kayan tarihi na birnin Nuyok, na 1722 yana Roma, na 1726 kuma yana Laifzig cikin Jamus. Biyun ƙarshe madannai 49 ke garesu, a jikin kowane daga cikin ukun kuma akwai rubutu da Latinanci mai nuna sunansa, da garin haihuwarsa, da shekarar da ya ƙera shi.