Paul Ehrlich, Likitan Da Ya Rarrabe Sojojin Jini

Duk wanda likita ya taɓa turawa gwajin jini, ko a ƙaramin asibiti a Unguwar Boro ko a asibitin St. Gerard da ke Kakuri, ya ci moriyar aikin marigayi Paul Ehrlich, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haife shi ranar 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen na ƙasar Jamus, wanda yanzu ke cikin Poland. Tun yana ɗalibin likitanci ya ƙwallafa rai a kan rini, har hannuwansa ba su rabuwa da launi.

A wancan zamani, likitoci na ganin fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke yaƙar cuta, a ƙarƙashin madubin likita, amma rarrabe su na da wuya. Da ya kama aiki a asibitin Charité na Berlin a 1878, sai ya riƙa shafa ɗigon jini a jikin gilashi, ya busar da zafi, sannan ya zuba rini. Wasu ƙwayoyin suka sha jan rini, ya kira su eosinofil. Wasu suka sha shuɗi, su ne basofil. Waɗanda suka tsaya tsaka-tsaki kuwa su ne nutrofil.

Daga nan ƙirga kowane iri ya yiwu. Amfanin ƙirgar ba kaɗan ba ne: yawan nutrofil kan nuna ƙwayar cuta ta shiga jiki, yawan eosinofil kuwa kan nuna tsutsar ciki ko asma. Ta wannan hanya ce kuma aka soma bambance ire-iren sankarar jini.

Tarin fuka ya kama shi a 1888, ya tafi Masar jinya, ya dawo ya ci gaba. A 1908 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Élie Metchnikoff. A 1910 maganin tunjere mai suna Salvarsan, wanda suka gano tare da Sahachiro Hata na Japan, ya shiga hannun likitoci. Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1915, yana da shekara 61.

Yau injuna ke ƙirgar a manyan asibitoci, amma ba a yar da gilashi da rini ba. Saboda haka 'yan'uwa, in zazzaɓi ya ƙi sauka, kada mu tsaya sayen magani a kemis da ka. Mu je a duba jini tukuna.