Don Estridge, injiniyan da ya bar akwatin kwamfuta a buɗe

Duk wanda ya taɓa shiga wani ofishi a Madarunfa ko shagon buga takardu a Maraɗi ya san akwatin ƙarfen nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, fanka na kuka a cikinsa, wayoyi na fitowa ta bayansa. In ya lalace ba a jefar da shi. Mai gyara yakan kwance ƙusoshin baya, ya zare murfin, ya busa ƙura, ya cire abin da ya ƙone ya sa wani, ko da na wani kamfani ne daban. Wannan sauƙi yana da asali. Ya samo tushe daga shawarar da wani injiniya ɗan Amurka, Philip Donald Estridge, ya tsaya a kanta tsakanin 1980 da 1981, shawarar da ta amfani duniya amma daga baya ta raba kamfaninsa da kasuwar da ya gina.

Daga Jacksonville zuwa IBM

An haifi Estridge ranar 23 ga watan Yuni na 1937 a birnin Jacksonville da ke jihar Florida. Mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne. Ya karanci injiniyancin lantarki a Jami'ar Florida, ya kammala a 1959, a shekarar kuma ya kama aiki da IBM, kamfanin da ya fi kowane ƙarfi a harkar kwamfuta a lokacin. Da farko ya yi aiki a kan na'urorin tsaron sararin samaniyar Amurka, sannan a kan ayyukan hukumar NASA. A 1969 aka mayar da shi garin Boca Raton, a jiharsa ta haihuwa, inda ya shafe shekaru yana aiki a kan wata matsakaiciyar kwamfuta mai suna Series/1.

A wancan zamani kwamfutar IBM takan cika ɗaki guda. Bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanoni ne ke iya sayenta ko hayarta. Kusan komai na cikinta IBM ne ke ƙerawa, kuma in ta tsaya ma'aikacin IBM ake jira ya zo ya buɗe ta. Amma a ƙarshen shekarun 1970 wasu ƙananan kamfanoni, irin su Apple da Commodore da Tandy, sun fara sayar da kwamfutocin da mutum zai ɗora a kan tebur. Kasuwar na bunƙasa, IBM kuwa ba shi da kayan da zai baje a cikinta.

Shekara ɗaya tak

A 1980 wani jami'in kamfanin, William Lowe, ya shawo kan shugabanni su ba shi izinin ƙera ƙaramar kwamfuta cikin shekara ɗaya. Ba a jima ba aka yi masa ƙarin girma, aikin ya koma hannun Estridge tare da wani ƙaramin rukunin injiniyoyi su 12. A al'adar IBM sabuwar na'ura takan ci shekaru kafin ta fito. Estridge ya san in aka bi wannan hanya, kafin su gama kasuwa ta watse.

Don haka suka yi abin da kamfanin bai saba ba: suka sayo kaya daga waje. Ƙwaƙwalwar na'urar, mai lamba 8088, ta kamfanin Intel ce. Manhajar da ke tafiyar da ita, DOS, daga Microsoft aka karɓo ta, lokacin yana ƙaramin kamfani. Injin buga takarda na Epson ne na ƙasar Japan. Sayarwa ma ba a bar ta ga dillalan IBM kaɗai ba, an kai ta kantunan Sears da ComputerLand inda kowa zai shiga ya saya.

Ranar 12 ga watan Agusta na 1981 aka gabatar da ita a birnin New York da sunan IBM PC, samfuri na 5150. Mafi arha a cikinsu dala 1,565 ce.

Yadda akwatin yake

Akwatin na ƙarfe ne, a kwance yake, faɗinsa kimanin santimita 50, tsayinsa kimanin 14, an yi shi da ƙarfin da zai ɗauki allon kallo a bisa kansa. Wani mai zane na kamfanin, Tom Hardy, shi ya fitar da siffarsa. A gaba akwai gurbi biyu na sa faifai. A can baya ta hannun dama akwai sashen da ke karɓar wutar lantarki ya rarraba ta, mai ƙarfin wat 63.5, da fanka a cikinsa da ke fitar da zafi, da wani jan makunni babba a gefe. Allon rubutu daban yake, waya ce ta haɗa shi da akwatin, saboda haka in ɗaya ya lalace ɗayan na nan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ramuka biyar da aka jera a kan babban allon da ke shimfiɗe a ƙasan akwatin, kowanne da tagarsa a baya. A nan ake soka ƙananan alluna don ƙara wa na'urar wani aiki: nuna hoto, haɗi da injin buga takarda, ƙarin ma'adana. Ƴan ƙusoshi ne ke riƙe da murfin, mai sukundireba zai buɗe shi cikin minti kaɗan.

Ba IBM ne ya fara irin wannan tsari ba, domin Apple II ta 1977 ma tana da ramuka takwas. Bambancin shi ne wannan karon babban kamfanin duniya ne ya buɗe cikinsa. Estridge ya amince aka buga littafi mai ɗauke da zanen wayoyin na'urar dalla-dalla, har da rubutun manhajar da ke tayar da ita, wadda ake kira BIOS, aka sa shi a kasuwa. Lissafinsa shi ne: kamfani ɗaya, komai girmansa, ba zai iya hango duk buƙatun masu saye ba, amma in aka nuna wa sauran maƙera inda za su soka kayansu, na'urar za ta yi ta samun sabon amfani ba tare da IBM ya kashe ko sisi ba.

Nasara da abin da ta jawo

Lissafin ya yi daidai. Kamfanin ya yi hasashen sayar da kimanin dubu 250 cikin shekara biyar, sai ga shi masu saye sun ninka haka tun kafin wa'adin. Kamfanoni da yawa suka shiga ƙera alluna da manhajoji dominta. A 1983 aka mayar da rukunin Estridge cikakken sashe, shi ne shugaba. A shekarar ce Steve Jobs ya nemi ya zo ya shugabanci Apple, ya ƙi, ya zauna a inda ya fara aiki.

A ƙarƙashinsa aka fitar da samfurin XT a watan Maris na 1983, mai ramuka takwas da faifan ajiya na dindindin a ciki. Tazarar da aka bari tsakanin ramukan XT, kimanin santimita 2, ita ce har yau ake gani a jerin tagogin bayan akwatin kwamfuta. A watan Agusta na 1984 aka fitar da AT, mai babban akwati da makulli a gaba, wanda ma'auninsa ya zama abin koyi ga maƙera na sama da shekara goma. A wannan shekara ta 1984 Apple ya bi wata hanya daban da Macintosh ta farko: akwati rufaffe, babu ramin ƙari, buɗe shi ma sai da dogon sukundireba na musamman.

Sai dai ƙofar da aka buɗe wa abokan ciniki ba ta hana abokan hamayya shiga. Tun da Intel da Microsoft na da ƴancin sayar wa kowa kayansu, BIOS kaɗai ya rage a hannun IBM. Kamfanin Compaq ya rubuta nasa da ke aiki iri ɗaya ba tare da ya kwafi na IBM ba, ya fitar da kwamfutarsa a 1983. Daga 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar da irin wannan manhaja ga duk mai so. Nan da nan maƙera a Amurka da Taiwan da sauran ƙasashen Asiya suka cika kasuwa da kwamfutoci masu kama da ta IBM a farashi mai rahusa.

Estridge ma bai tsira daga tuntuɓe ba. PCjr, wadda sashensa ya yi don amfanin gida, ba ta karɓu ba: allon rubutunta bai gamsar ba, ƙara mata kaya kuma da wuya. A watan Maris na 1985 aka daina ƙera ta. A farkon wannan shekara aka ɗauke shi daga sashen da ya raina daga mutum 12 zuwa kusan dubu 10, aka ba shi muƙamin mataimakin shugaba mai kula da masana'antun kamfanin.

Rasuwarsa

Ranar 2 ga watan Agusta na 1985 ya hau jirgin kamfanin Delta mai lamba 191 daga Fort Lauderdale tare da matarsa. Jirgin na shirin sauka a filin Dallas da ke jihar Texas sai ya shiga hadari, wata iska mai ƙarfi da ke bugowa daga sama ta danna shi ƙasa kafin ya kai titin sauka. Mutane fiye da 130 suka mutu, har da shi da matarsa. Shekarunsa 48, ya bar ƴaƴa mata. A yau akwai wata makaranta a Boca Raton da ke ɗauke da sunansa.

Abin da ya bari

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1987, IBM ya yi ƙoƙarin rufe ƙofar. Ya fitar da PS/2 mai sababbin ramuka waɗanda sai an biya shi kafin a ƙera musu kaya. Yawancin maƙera suka ƙi bi, suka ci gaba da tsohon tsarin. Akwatin ya tashi tsaye ya koma ƙarƙashin tebur, a 1995 kuma Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya tsara wurin ƙusoshi da sashen wuta da mahaɗan baya, kuma a kansa ake ƙera akasarin akwatuna har yanzu. A 2005 IBM ya kammala sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin.

A ƙasa irin tamu wannan gado yana da daraja ta musamman. Ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin bazara na gasa kayan ciki, wuta in ta ɗauke ta dawo da ƙarfi takan ƙona sashen wuta. Da akwatin rufaffe ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya zama ajalin na'urar. Da yake a buɗe yake, matashin da ya koyi gyara a Maraɗi ko Katsina ko Kano na iya haɗa kwamfuta ɗaya mai aiki daga matattu biyu, ya ci abinci, makaranta ko ofishi kuma su ci gaba da aiki.

Amma ba kowane akwati ne ke bin wannan tsari ba. Wasu ƙananan kwamfutocin ofis na gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu suna da sashen wuta da babban allo masu siffa ta kamfaninsu kaɗai, in sun ƙone sai an samo irinsu sak. Saboda haka mai saye ya sa a buɗe masa murfin tun a shago, ya duba ko akwai ramukan ƙari da hanyar iska, ya kuma tambayi mai gyara ko ana samun kayanta a kusa kafin ya biya kuɗi.