Dakta Elliott Joslin: Likitan da ya yi kiran a tare ciwon sukari tun bai iso ba

An haifi Elliott Proctor Joslin ranar 6 ga watan Yuni, 1869, a garin Oxford da ke jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, sannan ya wuce makarantar koyon aikin likita ta Harvard, inda ya kammala a 1895. A wancan zamani ciwon sukari ba shi da magani. Yaron da ya kamu da shi da wuya ya daɗe a raye, shi ya sa likitoci kaɗan ne ke sha'awar wannan fanni.

A 1898 ya buɗe wurin duba marasa lafiya a birnin Boston, ya kuma tanadi babban kundi da yake rubuta bayanin duk wanda ya zo masa da ciwon sukari: shekarunsa, nauyinsa, abincinsa da yadda jinyarsa ta kasance. Ta takwas a wannan kundi mahaifiyarsa ce. Ya tsara mata abinci daidai gwargwado, ta kiyaye, ta ƙara aƙalla shekaru goma a duniya. Wannan ya ƙarfafa masa gwiwa cewa abin da mutum yake ci da yadda yake tafiyar da rayuwarsa na iya sauya makomar cutar.

A 1916 ya wallafa littafi kan jinyar ciwon sukari bisa bayanan marasa lafiya 1,000, bayan shekara biyu kuma ya fitar da wani ƙarami domin majinyata su karanta da kansu. A ganinsa, majinyacin da ya fahimci ciwonsa ya fi kowa iya kula da kansa.

Muhimmiyar gudummawarsa ga rigakafi ta zo ne a 1921, cikin wata maƙala da ya buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Ya ba da labarin wasu gidaje uku da ke jere a kan titi ɗaya a garinsu, inda ciwon sukari ya hallaka shida daga cikin mutum bakwai, ba wanda ya ce uffan. Ya nuna cewa da cuta mai yaɗuwa ce ta yi wannan ɓarna, da hukumomi sun tashi tsaye. Kundinsa ya nuna masa cewa akasarin manyan da suka kamu sun fara yin ƙiba ne kafin ciwon ya bayyana, don haka ya yi kira da a riƙa awon nauyi da gwaji tun mutum yana jin garau.

Bayan gano sinadarin insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, Joslin na cikin likitocin farko da suka yi amfani da shi a Amurka, a watan Agustan 1922. Duk da haka bai ɗauki allura a matsayin komai da komai ba. Ya kamanta jinyar da keken da dawakai uku ke ja: abinci, motsa jiki da insulin. Ya rasu ranar 28 ga Janairu, 1962, yana da shekaru 92. Cibiyar da ke ɗauke da sunansa a Boston na cikin manyan cibiyoyin binciken wannan cuta har gobe.

Bincike ya gaskata hangensa bayan shekaru 40 da rasuwarsa. A yau likitoci sun san akwai matakin share fage, inda sukarin jini ya haura ƙa'ida amma bai kai na ciwon sukari ba. Bisa ma'aunin ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta Amurka, idan aka gwada mutum da safe kafin ya karya kumallo aka sami miligiram 100 zuwa 125 a kowace desilita ta jini, to yana wannan mataki; daga 126 zuwa sama, idan gwaji na biyu ya tabbatar, ciwon ya kama. Abin da ke faruwa shi ne jiki ya rage amsa kiran insulin, sai gaɓar da ke samar da shi ta yi ta ƙarin aiki har ta gaji. Galibi babu wata alama da mutum zai ji.

A 2002 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan mutane sama da 3,000 da ke wannan mataki. Waɗanda aka ɗora kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Maganin metformin kuwa ya rage shi da kashi 31.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Mazaunin Jos da ya haura shekara 35, ko yake da tumbi, hawan jini, ko mai ciwon sukari a dangi, zai iya yin gwajin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Asibitin Ƙwararru na Filato ko asibitin Jankwano, kamar yadda ake yi a manyan asibitocin sauran jihohi. Haka ma macen da sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki. Tafiyar rabin sa'a da sassarfa sau biyar a mako ta cika minti 150. A rage lemon kwalba da sukarin shayi da na kunu, a ƙara wake, zogale, kabeji da gwaten ganye. Acca da aka san Filato da ita abinci ne mai kyau, amma ita ma idan aka cika kwano tana ɗaga sukari, kamar tuwo da dankalin Turawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, Joslin kuwa ya shafe fiye da shekaru 60 yana rubuta hujjar hakan a kundinsa.