Napoleyon Bonapart, sarkin da hularsa ta haura miliyar guda

A watan Nuwamba na shekara ta 2023, an yi gwanjon wata tsohuwar baƙar hula a garin Fontenblo na ƙasar Faransa, aka saye ta yuro miliyon 1,9, wato sama da miliyar guda na kuɗin sefa. Mai hular shi ne Napoleyon Bonapart.

An haife shi a tsibirin Kors a 1769. Ya zama hafsan igwa yana da shekara 16, janar yana da 24, sannan ya naɗa kansa sarkin Faransa a 1804. Ba mu manta ba, shi ne ya maido da bauta a wasu yankunan mulkin mallakar Faransa a 1802.

A fagen daga, manyan hafsoshinsa na ado da zinariya, shi kuwa sai doguwar riga mai ruwan toka da wannan hula, wadda yake sa ta a karkace, ƙahonninta bisa kafaɗu, don dakaru su gane shi daga nesa. Ya sa kusan 120, wajen 20 suka rage. Shi ya sa masu tara kayan soja ke rububinsu, muddin akwai takardar shaida. Butar ruwan ƙaramin sojan da ƙanƙarar Rasha ta kashe a 1812 kuwa, mun lura ba ta kai wannan daraja, don babu suna a jikinta.

Bayan shan kashi a Watarlo a 1815, Ingilishi suka tsare shi a tsibirin Sent Helena. Can ya rasu ranar 5 ga Mayu 1821, bisa ƙaramin gadonsa na ƙarfe mai naɗewa, irin wanda ya saba kwana a kai a sansanin yaƙi.