Hajiya Gambo Sawaba: Talakar da Ta Nemar wa Mata Ƙuri'a

A bana mun zaɓi tarihin wadda ba 'yar Karofi ba ce, amma kowace uwa tamu da ke bin layin zaɓe a Dutsin-Ma ko Kurfi tana cin moriyar wahalarta.

An haifi Hajaratu a 1933, aka yi mata laƙabi da Gambo saboda ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. A Zariya ta tashi. Iyayen sun rasu tana ƙarama, karatunta ya tsaya a firamare, aka aurar da ita tana da shekara 13. Ba sarauta, ba dukiya, ba takardar shaida.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Gambo ta shige ta tana da shekara 17, ba da jimawa ba ta zama shugabar mata a Sabon Garin Zariya. A wancan zamani ɗan NEPU abokin gabar En'e ne: 'yan doka su kama shi, alƙali ya ɗaure shi. To, ina ga mace da ta miƙe tana jawabi a taron maza, tana sukar auren dole, aikin tilas da harajin da ya fi ƙarfin talaka? Ta je har Abekuta don ganin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan garin a boren haraji. Da ta kai gwagwarmayar Kano, tana shiga gidaje tana wayar da kan matan kulle, sai aka ɗaure ta, aka kuma kore ta daga birnin. Masu tarihinta sun ƙirga ɗauri 16, ban da duka.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, duk wannan lokaci ita kanta ba ta da ƙuri'a. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa tasu, na Arewa suna kallo. Sai a 1976, shekarar da Dutsin-Ma ta zama ƙaramar hukuma, aka ba matan Arewa wannan 'yanci.

A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban GNPP ta ƙasa. Ta rasu a Oktoban 2001, an kuma sa wa babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta. Allah Ya jiƙan ta da rahama, amin.