Harriet Martineau: 'Yar jaridar da ta saurari duniya da ƙaho

A watan Afrilun 1834, wata mujalla ta birnin Edinburgh mai suna Tait ta buga wata doguwar wasiƙa da aka rubuta musamman domin kurame da masu nauyin kunne. Marubuciyar, Harriet Martineau, tana da shekara 31 a lokacin, kuma sunanta ya riga ya zagaye Ingila saboda littattafanta kan tattalin arziki. Abin da ya bambanta wasiƙar da rubuce-rubucen likitocin zamanin shi ne cewa mai rubutun tana cikin waɗanda take yi wa magana. Kurma ce, ta kira masu karatunta abokan tafiya, kuma ta yi musu bayani daga abin da ta ɗanɗana na kusan shekara ashirin.

An haife ta ranar 12 ga Yuni, 1802, a garin Norwich da ke gabashin Ingila, ita ce ta shida a cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinta Thomas Martineau yana da masaƙa, kuma asalin zuriyarsu daga Faransa suka yi ƙaura saboda tsangwamar addini. Gida ne na masu rufin asiri da ke bai wa 'ya'ya mata ilimi kusan daidai da na maza, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Harriet ta tashi tana yawan rashin lafiya, ba ta jin ƙamshi sosai, ba ta kuma jin ɗanɗanon abinci, amma tana da kunnen kiɗa, har ta ƙware a kaɗa fiyano da rera waƙa.

Wajen shekara 12 jinta ya fara raguwa. Da farko kaɗan-kaɗan ne, a aji sai ta riƙa rasa abin da malami ke faɗa idan ta zauna nesa. Kafin ta kai 16 abin ya fito fili, a wajen shekara 20 kuwa ya yi tsanani. Mutanen gidansu, kamar yadda ta bayyana daga baya a tarihin rayuwarta, sun daɗe suna ƙin yarda da lamarin. Sukan ce rashin mayar da hankali ne, ko kuma ƙin ji ne kawai, sannan suka riƙa tilasta mata shiga taron baƙi kamar babu abin da ya same ta. Ta ce sun yi hakan ne da kyakkyawar niyya, don ba sa son gaskata abin da ke damunsu, sai dai nauyin wannan musun a kanta ya sauka. Yarinyar da ke zaune cikin mutane tana kallon bakuna na motsi, ana dariya ba ta san dalili ba, ita ce kuma ake zargi da taurin kai.

Akwai wani abu da ya faru a gidan wanda ya tsara mata hali har ƙarshen rayuwarta. Wata kurmar mata ta garin takan dami jama'a a wurin taro da tambayar me aka ce, me wancan ya ce, har mutane suka riƙa gudun zama kusa da ita. Babban yayan Harriet ya nuna mata fatansa cewa idan jinta ya tafi, kada ta zama irin wannan matar. Maganar ta yi mata zafi, ta kuma ɗaukar wa kanta alkawarin ba za ta taɓa tambayar abin da ake faɗa a cikin hira ba, za ta bari masu ji su zaɓi abin da ya cancanci a maimaita mata. Ta riƙe wannan alkawari shekara da shekaru.

Sai musibu suka biyo juna. Wannan yayan nata ya rasu a 1824, mahaifinta ya bi shi a 1826, saurayin da aka yi musu baiko ya kamu da ciwon taɓin hankali ya mutu, sannan a 1829 masaƙar gidan ta karye gaba ɗaya. Sana'ar da aka yarda 'yar mutunci ta yi a lokacin ita ce koyar da yara a gidajen attajirai, 'yan uwanta mata kuma can suka nufa. Kurumta ta rufe wa Harriet wannan ƙofa, ta kuma rufe ta koyar da kiɗa. Abin da ya rage mata allura ce da alƙalami, don haka da rana tana ɗinki, da dare tana rubuta wa wata mujallar addini maƙaloli a kan fam 15 a shekara.

A wajen 1830 ne ta amince ta fara amfani da ƙahon ji, bayan ta shafe shekaru tana gudunsa. Ƙahon kayan aiki ne mai sauƙi: baki mai faɗi kamar mazurari da ke tattara sauti, da siririn ƙarshe da ake sawa a kunne. Babu batir, babu lantarki, siffarsa ce kawai ke tara muryar mai magana ta kai ta cikin kunne da ƙarfi. Wanda ta fi shahara da shi yana da doguwar mesa mai lanƙwasuwa, ita ta riƙe gefe ɗaya a kunne, mai magana ya riƙe ɗaya gefen a bakinsa. Tun farkon ƙarnin akwai masu ƙera irin waɗannan kaya a Landan, kamar kamfanin F. C. Rein, saboda haka rashinsu a kasuwa bai taɓa zama matsalarta ba. Kunya ce ta hana ta, domin riƙe ƙaho shela ce ga duk wanda ya gan ta cewa ga kurma. Ta ɗauki wannan jinkiri a matsayin ɗaya daga cikin manyan asarorin ƙuruciyarta.

Shekara biyu bayan haka ta yi suna. Ta yi tunanin bayyana ƙa'idojin tattalin arziki, irin su haraji, albashi, jari, bashi da cinikin ƙasa da ƙasa, ta hanyar gajerun labarai da ɗan kasuwa ko leburan masaƙa zai iya karantawa. Masu buga littattafai da dama suka ƙi karɓa, suna cewa hankalin jama'a na kan annobar kwalara da rikicin gyaran dokar zaɓe. Wanda ya karɓa, Charles Fox, ya gindaya mata sharuɗɗa masu tsauri. Labari na farko ya fito a Fabrairun 1832, kofe 1,500 da aka buga suka ƙare cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa 1834 ana sayar da kimanin kofe 10,000 duk wata. Ta koma Landan da zama. 'Yan majalisa da manyan jami'an gwamnati suka riƙa aika mata rahotanni suna neman ta rubuta labari a kan dokokin da suke son jama'a su fahimta, Gimbiya Biktoriya mai jiran gado ma tana cikin masu karanta ta.

A tsakiyar wannan ɗaukaka ta rubuta wasiƙar ga kurame, kuma ba ta yi musu lallashi ba. Shawararta ta farko ita ce mutum ya faɗa wa kansa gaskiya, sannan ya faɗa wa mutane, ya daina gyaɗa kai yana murmushi kan maganar da bai ji ba. Ta gargaɗe su kan ɓarnar kuɗi da lafiya wajen bin masu tallar maganin ƙarya, ta ce a ga likitan kirki, idan ya tabbatar babu magani a karɓa a nemi hanyar rayuwa. Ta matsa sosai kan batun ƙaho, tana ganin ƙin amfani da shi saboda kunya zalunci ne ga kai da kuma ga masoyan da ke ɗaga murya har maƙogwaronsu ya bushe. Ta kuma hana su janye jiki daga jama'a, domin ta san yadda kaɗaici ke haifar da zargi, har kurma ya fara tunanin duk raɗar da ake yi a kansa ce. Iyalai ma sun sami rabonsu, musamman masu ɓoye wa mutum halin da yake ciki da sunan tausayi.

Dole a ce wani ɓangare na shawarar yana da tsauri fiye da kima. Ƙa'idarta ta rashin tambayar abin da aka ce ta yi wa mace irinta aiki, wadda manyan ƙasa ke layi don su yi magana a cikin ƙahonta. Ga talakan da babu mai damuwa ya maimaita masa komai, wannan ƙa'ida shiru ce kawai a kan shiru. Haka kuma wasiƙar ta fi dacewa da waɗanda suka rasa ji bayan sun iya magana, ba waɗanda aka haifa kurame masu magana da hannu ba. Duk da haka, a zamanin da babu wata ƙungiya ta ƙasa da ke haɗa masu nauyin kunne, ta yi musu magana a matsayin jama'a guda mai matsala guda, waɗanda za su iya koyo daga juna.

A watan Agustan shekarar ta hau jirgin ruwa zuwa Amurka, inda ta yi shekara biyu tana zagaye tare da abokiyar tafiyarta Louisa Jeffrey, wadda ke kama mata abin da ya wuce kunnenta. An yi ta cewa kurma ba za ta iya nazarin al'umma ba. Amsarta a gabatarwar littafinta na 1837 ita ce ƙahon ya zame mata riba, domin wanda ya karkato yana magana a cikinsa yakan ji kamar sirri yake yi, sai ya faɗi abin da ba zai faɗa a gaban taro ba. Ta gana da Shugaba Andrew Jackson, ta sauka a gidan tsohon Shugaba James Madison a Jihar Virginia a 1835, ta shiga gidajen yari, asibitoci da gonakin da bayi ke aiki, ta kuma ga kasuwar da ake sayar da mutane. A Nuwamban 1835 ta halarci taron mata masu yaƙi da bauta a Boston, ta miƙe ta goyi bayansu a fili. Daga ranar gidaje da dama da suka karrama ta suka rufe mata ƙofa, jaridu suka zage ta, har aka yi mata barazana.

Ciwon ciki ya kwantar da ita kusan shekara biyar a garin Tynemouth daga 1840, kuma a can ma ta rubuta littafi domin 'yan uwanta masu doguwar jinya, a kan irin tsarin wasiƙar kurame. Gwamnati ta yi mata tayin fansho ta ƙi karɓa, don kada a ce an sayi alƙalaminta. Da ta sami sauƙi ta gina gida a Ambleside da ke arewacin Ingila, ta yi tafiya zuwa Masar, Falasɗinu da Siriya a 1846 da 1847, ta fassara babban aikin masanin Faransa Auguste Comte zuwa Turanci a 1853. Daga 1852 zuwa 1866 ta rubuta wa jaridar Daily News ta Landan sharhi fiye da 1,600, akasarinsu daga wannan gida na karkara take aikawa ta gidan waya.

A 1855 likitoci suka gaya mata zuciyarta ba za ta kai ta nesa ba. Cikin 'yan watanni ta rubuta tarihin rayuwarta, ta kuma rubuta ta'aziyyar kanta ta ajiye wa jaridar. Sai da ta ƙara shekara 21 kafin ta rasu ranar 27 ga Yuni, 1876, tana da shekara 74, Daily News kuma ta buga ta'aziyyar kamar yadda ta rubuta ta. Na'urar ƙara ji mai amfani da lantarki ba ta bayyana ba sai a 1898. Kafin nan, masu sayar da kayan likitanci a Landan sun riga sun sa wa wani nau'in ƙahon ji sunan Martineau a cikin kundin hajarsu.